Ajalin da Ke Ceton Wake: Ƙwayar Gado Ɗaya da Yaƙin Wuta-wuta

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tudun Wadan Zariya da hantsi, ya ga masu awo sun jera farin wake da ja, ya kuma ji ƙamshin ƙosai da alala yana tashi daga bakin layuka, da wuya ya raya a ransa cewa wannan abinci, wanda talaka ya mai da shi madadin nama, yana da wani maƙiyi da ke cinsa tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin ya yi fure, balle a kai ga roro. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bi mata baya, mafi yawan abin da Nijeriya ke samu kuwa daga gonakin Arewa yake fitowa, inda ake shuka shi a tsakankanin gero da dawa, mutane su ci ƙwayar, dabbobi su ci harawar. Saboda haka duk abin da ya taɓa wake ya taɓa tukunya, ya taɓa turke, ya kuma taɓa ɗan jarin matar da ke tuya a ƙofar gida.

Maƙiyin nan shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Wadda ke kama dawa da gero da masara doguwa ce mai kyan fure, masana na kiranta Striga hermonthica. Ta wake kuwa, watau Striga gesnerioides, gajera ce mai kauri, ganyenta bai taka kara ya karya ba, domin ba ta da bukatar ganye tun da wani ke ciyar da ita. Ta fi tsanani a inda ruwa ya yi ƙaranci kuma ƙasa ta zama jigawa, kamar sassan Kano da Katsina da Jigawa da Barno da Maraɗi, alhali a nan ƙasar Zazzau, inda damina ta fi yalwa, wata 'yar'uwarta mai rawayan fure, Alectra vogelii, ita ta fi yawan damun manoma. Irin wuta-wuta ƙanƙane ne ƙwarai, har ido bai cika rarrabe shi da ƙura ba. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatarsa, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma bai mutu ba, bai kuma tsira ba, yana jiran alama guda, watau wani sinadari da saiwar shuka ke tsatsafarwa. A 1966 aka fara ware wannan sinadari a Amurka daga saiwar auduga, shukar da ke ta da irin wuta-wutar dawa daga barci amma ba ta ba ta wurin kamawa, sai ta tsira ta mutu da yunwa cikin 'yan kwanaki. Sai a 2005 masana a Japan suka gano hikimar da ta sa shuka ke fitar da abin da zai tona mata asiri: ashe kira take yi ga wata funfuna mai amfani da ke taimakonta tsotso sinadarin fosfaras daga ƙasa, kuma gwargwadon talaucin ƙasa gwargwadon ƙarfin kiran. Da wannan ne ilmin zamani ya gaskata dattawanmu, waɗanda tun fil azal suke cewa wuta-wuta cutar gonar da ta gaji ce.

Idan irin ya tsira kusa da saiwar wake, sai ya manne mata, ya huda fatarta, ya kutsa har ya sadu da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa, daga nan ya soma sha yana tara wani kumburi a mahaɗar. Makonni yakan yi yana wannan ɓarna a ɓoye, ta yadda ranar da manomi zai ga kansa ya ɓullo a gindin wake, ganye ya riga ya yi rawaya, shuka ta tsumbure, abin da fartanya za ta ceto kaɗan ne. Inda abin ya yi muni, akan tashi a tutar babu. Mai hali yana iya zuba taki mai yawa ko ya bar gonar ta huta. Amma wanda gonarsa ɗaya ce, jarinsa kuwa ƙarfinsa, ba shi da wata makawa face a ba shi irin da zai kare kansa da kansa.

A nan ne labarin ya iso Samaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can, wadda tushenta ke komawa ga 1922, aka kuma haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke da alhakin inganta irin wake a ƙasar nan, shi ya sa sunayen irin da take fitarwa ke farawa da SAMPEA. A cikin shekarun 1980 wani Bature mai suna Charles Riches, yana aiki a Botsuwana, ya lura da wani irin wake na gargajiya, wanda aka yi wa lamba B301, Alectra ba ta iya kama shi. Da aka kai shi Ingila, Chris Parker da abokan aikinsa suka jarraba shi cikin tukwane, sai suka tarar wuta-wutar Afirka ta Yamma ma ba ta samun sa'arsa. Sai dai waken ƙanana ne, ba irin wanda matan Hausa za su kalla sau biyu a kasuwa ba, su da suka saba da manyan farare irin su Kanannado. Mas'alar da ta taso ita ce: shin wannan juriya abu ce da za a iya cirewa daga wannan iri a dasa ta cikin wani, ko kuwa a sarƙe take da sauran halayensa ta yadda ba ta rabuwa?

Waɗanda suka warware ta mutum biyu ne, Farfesa A. M. Emechebe, masanin cututtukan tsirrai na Samaru, da Dakta B. B. Singh, Ba'indiye mai inganta irin wake a cibiyar binciken noma ta IITA, wanda ya daɗe yana aiki a tasharta ta Kano. Hanyar da suka bi ba ta bukaci komai ba sai haƙuri da ƙidaya. Suka ɗauki ƙurar furen B301 suka yi wa wani iri mai rauni barbara, sa'an nan suka shuka 'ya'yan cikin ƙasar da aka gauraya da irin wuta-wuta, suka tarar dukansu sun jure. Da suka shuka jikokin kuwa, sai lissafi ya fito ƙarara, cikin kowane huɗu uku sun jure, ɗaya ya kamu. Duk wanda ya san ƙa'idar gado da Mendel ya shimfiɗa ya san fassarar wannan adadi, watau ƙwayar gado ɗaya tak ce mai rinjaye ke ɗauke da juriyar. A 1990 suka buga wannan sakamako, bayan shekara uku kuma, tare da I. D. K. Atokple, suka nuna cewa juriyar Alectra tana hannun wasu ƙwayoyin gado ne dabam, guda biyu. Wannan bushara ce babba ga mai inganta iri, domin abin da ƙwaya ɗaya ke ɗauke da shi yana da sauƙin bi daga uwa zuwa ɗa har a kai shi inda ake so.

To, mene ne ainihin abin da ƙwayar nan ke aikatawa a cikin saiwa? Wannan shi ne wurin da ya cancanci a tsaya a yi tadabburi. Jikin shuka, kamar na ɗan Adam, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin jiki masu rai waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Amma shuka ba ta da jini mai zagayawa da zai kai ɗauki inda aka kawo hari, ba ta kuma da ƙafar gudu, saboda haka kowace ƙwayar jiki ita ce mai tsaron kanta. Masu binciken da suka sa saiwar B301 a ƙarƙashin madubi sun ga cewa wuta-wuta na tsira daidai yadda ta saba, tana mannewa, tana soma huda. Amma cikin 'yan kwanaki sai ƙwayoyin jikin waken da ke kewaye da wurin hudar su yi duhu, su ƙafe, su mutu, ita kuwa baƙuwar, da yake ba ta iya cin komai sai daga mai rai, guzurin da ke cikin irinta kuma ɗan kaɗan ne, sai ta bi su. Waɗanda suka tsallake wannan shinge kuma, kumburinsu kan tsaya cak, bai girma ba. Abin lura shi ne, mutuwar nan ba wuta-wuta ce ta jawo ta da ƙarfinta ba. Waken ne ya zartar da ita a kan wani yanki na jikinsa, bisa umurnin da ke rubuce cikin gadonsa, tamkar manomin da ya hango wutar daji tana tafe, ya cinna wa ciyawar gefen gonarsa wuta da hannunsa, domin in gobarar ta iso ta tarar babu abin ci. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai an ɗauki ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi. Ga shi kuwa Mahalicci ya kimsa wa tsiro, wanda ba shi da hankali ko zaɓi, aiki da ita a cikin duhun ƙasa.

Wannan al'amari ba a kan wake aka fara ganinsa ba. Tun 1902 Marshall Ward na Ingila ya lura da shi a ganyen wasu ciyayi da cutar tsatsa ta kama, a 1915 kuma E. C. Stakman na Amurka ya siffanta shi da cewa wuce gona da iri ne wajen jin zafin hari. Amma wanda ya gano ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa shi ne Harold Flor, wanda ya shafe shekaru, tun daga farkon 1940, yana barbarar shukar kittani a gefe guda, yana barbarar tsatsar da ke cinta a ɗaya gefen, har ya tabbatar cewa kowace ƙwayar gadon juriya a jikin shuka tana da takwararta a jikin mai cutar. Ma'ana, shuka ba ta kashe ƙwayoyin jikinta sai ta gane wata alama takamaimiya a tattare da maharin. In maharin ya sauya wannan alama, ko ya ɓoye ta, sai ya shige salin-alin.

A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya a Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke ba B301 ikon jure wa jinsin wuta-wutar da ke Nijeriya da Nijar, wanda ake yi wa laƙabi da SG3, suka raɗa mata suna RSG3-301. Hujjar da suka kafa mai ƙarfi ce: da suka toshe bakin wannan ƙwaya a cikin saiwar B301, sai mutuwar nan mai ceto ta daina aukuwa, SG3 ta kama ta yi ta sha, alhali jinsin Mali da na Kamaru ba su sami wata kafa ba, domin masu tsaronsu dabam ne. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar Flor, wadda aka sani tsakanin shuka da funfuna ko ƙwayoyin cuta, tana aiki har tsakanin tsiro da ɗan'uwansa tsiro. Furotin ɗin da ƙwayar ke sarrafawa kuwa ya fito ne daga wani babban dangi da ake samu a tumatir da taba da alkama da shinkafa, wanda aikinsa shi ne zama shiru a cikin ƙwayar jiki yana sauraron motsin baƙo. Yadda 'yan wannan dangi ke zartar da hukunci ya bayyana a 2019, sa'ad da Jijie Chai da Jian-Min Zhou da abokan aikinsu a birnin Bejin suka ɗauki siffar ɗaya daga cikinsu, mai suna ZAR1: da zarar ya gane mahari, sai guda biyar su haɗu su yi da'ira, su kafa tsini a fatar ƙwayar jiki, bayan shekara biyu aka tabbatar cewa ƙofa ce suke buɗewa, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, shi ne kuma ke shelar ajali.

Mai karatu na iya cewa, tun da haka ne, me zai hana a ƙara wa kowace shuka saurin wannan kisa, a huta da cuta baki ɗaya? Amsar tana cikin wasu ƙwayoyin gado na dabam, waɗanda aikinsu shi ne ja wa mutuwa linzami, kuma a ganina su ne suka fi ban al'ajabi a cikin wannan babi duka. A 1994 Jeffery Dangl da abokan aikinsa suka bayyana wasu tsirrai na wata 'yar ciyawa dangin kabeji, Arabidopsis, wadda masana ke yawan gwaji da ita, waɗanda ganyensu ke yin tabon cuta alhali babu cuta. A cikin ɗaya daga cikinsu, inda ƙwayar LSD1 ta lalace, da zarar mutuwa ta fara a ɗigo guda ba ta tsayawa sai ta cinye ganyen ɗungurungum. Da haka aka fahimci cewa ƙwayoyin jikin da ke maƙwabtaka da wurin hari suna karɓar saƙo iri biyu, ɗaya na shirin yaƙi, ɗaya na cewa iyakar ajali ke nan, kada a ƙetare. Haka nan a shukar sha'ir, akwai wata ƙwaya mai suna MLO wadda in ta lalace shukar kan jure wa farar funfunar ganye, an kuwa sami irin wannan a cikin sha'ir ɗin manoman Habasha da aka tattara a ƙarshen shekarun 1930, Turai kuma ta ci moriyarsa shekaru masu yawa. Amma juriyar ta zo da haraji, domin ganyen kan yi tabo da kansa, ya tsufa da wuri, sai da masu inganta iri suka yi ta tacewa kafin suka rage wannan illa. Ashe lafiyar shuka tana rataye ne a kan mizani: ƙaramin kisa ya bar ƙofa a buɗe, babban kisa ya cinye mai gidan.

Akwai ma abin da ya fi wannan tsoratarwa. A Amurka, cikin shekarun 1940, manoma sun rungumi wasu irin hatsin ots da suka gaji juriyar tsatsa daga wani iri mai suna Victoria, har suka mamaye gonaki da su. Sai ga wata funfuna da ba a san da ita ba ta ɓullo a 1946, ta yi musu mummunar ɓarna, ta bar tsofaffin irin da aka yi watsi da su lafiya lau. Bincike ya nuna cewa ita wannan funfuna matacce take ci, ba mai rai ba, don haka sai ta riƙa fitar da wata guba da ke ruɗin mai tsaron shukar, ya zaci hari ne irin wanda ya sani, ya yi umurni da kisa, ita kuwa ta zauna ta ci gawar.

Ita ma wuta-wutar wake ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A lissafin da Botanga da Timko suka yi a 2006, jinsinta bakwai ne a Afirka ta Yamma, daga Sanagal zuwa Kamaru, B301 kuwa yana jure wa galibinsu. Amma a Zakpota, can kudancin Jamhuriyar Benin, an sami wani jinsi, SG4z, da ke kama shi kamar kowane wake. A 2020 Chun Su da Timko da sauran abokan aikinsu suka bayyana dabararsa: yayin da yake huda saiwa, yana zuba wani ɗan furotin a cikin ƙwayoyin jikin waken, wanda ke zuwa ya riƙe wani furotin na waken mai taimakawa wajen zartar da mutuwar, sai hukuncin ya yi rauni, baƙon ya sami damar kai wa ga jijiya. Benin maƙwabciyarmu ce, irin wuta-wuta kuwa yana tafiya cikin iska da ruwa da kofaton shanu da buhun irin shuka, bai san kan iyaka ba.

Duk da haka, abin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma wajibi ne a yaba wa waɗanda suka yi ɗawainiyarsa. Ta hanyar maimaita barbara da zaɓe aka kwashe juriyar B301 aka zuba ta cikin farin wake mai karɓuwa, IT97K-499-35, wanda aka fitar wa manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, mai jure wa wuta-wuta da Alectra gaba ɗaya. A 2011 aka biyo da SAMPEA 14 da 15. A Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, Lucky Omoigui da abokan aikinsa sun yi amfani da alamar gado da ke tafiya tare da ƙwayar juriyar, ta yadda daga ɗan guntun ganye ake gane tsiron da ya gaje ta ba sai an jira wuta-wuta ta yi shaida ba, suka fitar da sababbin iri a 2016. Wani abin alfahari kuma shi ne, lokacin da masana suka tashi karanta littafin gadon wake dukansa, aikin da aka buga a 2019, aka ƙidaya ƙwayoyin gado kusan 30,000, wannan iri na SAMPEA 10 suka zaɓa ya zama ma'auni ga waken duniya.

Sai dai ina ganin akwai gyara a yadda muke riƙon wannan ni'ima. Mun saba ɗaukar ingantaccen iri a matsayin magani da an sha an warke har abada, alhali duk abin da ya gabata yana nuna cewa juriyar da ta dogara ga ƙwaya ɗaya aro ce, kuma gwargwadon yawan gonakin da suka dogara gare ta, gwargwadon ribar da duk wani jinsin wuta-wuta zai ci ran da ya gano hanyar kauce mata. Mutanen Zazzau ba sa bukatar a ba su labarin yadda annobar tsirrai ke juya arzikin ƙasa, domin dattawa suna tune da 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta halaka kimanin hekta 700,000 a Arewa, masifar da ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa ta Kano. Abin da ya kamata shi ne a tara ƙwayoyin juriya biyu ko uku daga tushe dabam-dabam a cikin iri ɗaya, a kuma riƙa tattaro irin wuta-wuta daga jihohi ana jarraba shi a kai a kai, domin a ga sauyi tun yana ƙarami. Wannan aiki ne na shekaru, mai bukatar ɗakin bincike da wutar lantarki da ba ta yankewa da kuɗin da ba ya makara. Kuma abin takaici ne a ce ƙasar da ta fi kowa noman wake, wadda a cikinta aka fara ƙidaya gadon wannan juriya, sai ta jira an karanta mata sirrinsa a wata nahiya. Hukumomin da ke riƙe da asusun bincike, na tarayya da na jihohin Arewa, suna da amanar da za a tambaye su a kanta.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, da kai ɗan kasuwa mai sayar da iri a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Giwa, naku rabon aikin ba ya bukatar madubi. A nemi iri daga inda aka san asalinsa, a ciyar da ƙasa da takin gida da na zamani gwargwadon hali, a riƙa sauya shuka, a tuge wuta-wuta kafin furenta ya zama iri, a tara ta a ƙone, kada a yar da ita a kunya. In kuwa ka shuka ɗaya daga cikin irin nan masu juriya, ka tabbata shi ne, sa'an nan ka ga wuta-wuta ta fito a gindinsa ta yi fure, kada ka yi shiru: ka sanar da malamin gona na yankinku, ko ka kai labari Samaru da kanka tun kakar ba ta wuce ba.